Kunyar Ɗan Fari da Wa'adin Jakada

Da so samu ne, da na tsallake wannan babi na wuce kai tsaye zuwa shekarun da na yi ina tsaron ƙofar ruwa a babban kanal, don can ne labaran dariya suke. Abin da ya hana ni, maganar da na ji ce daga bakinki, Hafsatu, ranar sunan ɗanki na fari. Ina zaure ina cin shinkafar suna, ke kina cikin gida, mata suna tsokanarki wai ki fara koyon kunyar ɗan fari tun yanzu. Sai na jiyo muryarki ta taga.

"Ni? Allah ya kiyaye. Ba zan yi irin ta Inna ba, da ta bar babanmu a hannun 'yan tawaye saboda kunya."

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa lomar da na ɗauka ban kai ta baki ba. Ban ga laifinki ba, don abin da kuka taso kuna ji ke nan a Kura, ke da ƙannenki duka. Amma ba haka aka yi ba, kuma yau ba wanda ya rage da ya san yadda aka yi sai ni baffanku Tukur. Inna ta tafi, mahaifinku Yaya Ilyasu ya bi ta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. An ɗaure mini baki a kan maganar nan har sau biyu, kuma na riƙe muddin waɗanda suka ɗaure shi suna raye. Yanzu da na ga ƙaryar tana shirin shiga kunnen jikoki, gara in kwance.

Inna, wadda ta haife ni da babanku, 'yar wani ƙauyen Maguzawa ce a bayan Bunkure. Ta musulunta kafin a kawo ta gidan mahaifinmu, ta riƙe salla da azumi fiye da wasu da aka haifa a ciki, amma kunyar gidansu ta zo da ita cikin kayan aure, ba ta baro ko ƙyalle ba. Yaya shi ne ɗan farinta, kuma sunan surukinta aka sa masa, kun ga kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Ilyasu a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "yayan Tukur", da ya girma ya yanki gona kuma ya koma "mai albasa". Akwai wani dillalin tumatir daga Garun Mallam mai wannan sunan, shi ma bai tsira ba, har ya mutu Mai Kwando take ce masa. In ta yi miyar nama, sai ta binne tsokar da ta fi kowacce a ƙarƙashin tuwo, ta miƙo mini kwano tana kallon bango, ta ce in kai wa wancan kada ya ce an hana shi. Ni kuwa sunana ba ya barin bakinta: Tukur ɗauko, Tukur ajiye, Tukur uban wa ya aike ka. Ina yaro na ɗauka ni aka fi so. Sai da na yi gemu na gane aike ne kawai ake so in yi.

Babanku mutum ne da ruwa ke jin maganarsa. In ya ja fangali, wato ɗan gurbin ban ruwa a gona, ruwa zai shiga ya kwanta daidai daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba tudu ba kwari. Shi ya sa da wani kamfani ya zo neman waɗanda suka saba da kanal, don shimfiɗa noman rani a wata ƙasa mai nisa, sunansa ne na farko da kowa ya ambata. Ba zan kira sunan ƙasar ba, ba ta cancanci tawadata ba. Aka ɗebi mutane daga Kura da Bunkure da Madobi. Ya tafi bayan an kwashe shinkafar damina, ya bar mini albasarsa, da ku, da mahaifiyarku Rabi. Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ta ce masa daga bayan labule a sauka lafiya, shi ke nan. Da mota ta tashi na same ta a bayan rumbu tana tsintar tsakuwa a shinkafar da aka riga aka tsince.

Albasa ta fara ƙosawa labari ya zo. Ina wurin injin casa na ji rediyo yana cewa 'yan tawaye sun afka wa sansanin ma'aikata a ƙasar nan, sun yi awon gaba da baƙi. Ba irin masu garkuwar da kuka sani ba ne, waɗanda ake sayar da gona a kai musu. Waɗannan da gwamnatoci suke magana. Mutanensu ne a tsare a wata maƙwabciyar ƙasa suke so a sako, da magunguna, da wasu abubuwan da ba a taɓa gaya wa irinmu ba. Mu namu ido ne da addu'a.

Wanda gwamnati ta ɗora wa aikin wani tsohon jakada ne, dattijo Bahaushe da ya yi zaman ƙasashen waje har Hausarsa ta ɗan yi sanyi. Shi ma ba kai tsaye yake magana da 'yan tawayen ba. Yana gaya wa wasu dattawa na wata ƙasa ta uku, su kuma su hau mota su shiga daji su isar. Magana ɗaya sai ta daɗe tana tafiya, ta dawo da wata riga. Na raina shi da farko, don na saba da manyan da ke zuwa su ɗauki hoto su tafi. Amma wannan, cikin zafin bazara, bayan an gama zaɓe, ya zo har zaurenmu ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

"Malam Tukur, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Waɗanda suka aiko ni sun sha ƙasa. Wanda zai hau kuma ya faɗa a gaban jama'a ba zai zauna da 'yan tawaye ba, su ma can suna da rediyo, sun ji. Sun yarda su saki mutanenmu kafin ranar miƙa mulki, don su karɓi abin da muka yi musu alkawari tun muna da hannun bayarwa. Bayan ranar nan ni ba kowa ba ne."

"To me ya rage, ranka ya daɗe?"

"Suna zargin akwai sojoji a cikin ma'aikatan, an sa musu kayan manoma. Sun ce kowane mutum a ɗauki hoton bidiyon uwarsa ko ubansa a waya, a gonarsu, su shaida ɗansu ne kuma manomi ne. Wanda suka gamsu da shi zai fito."

"Mahaifinmu ya rasu. Ni sai in yi."

"Na tambaya. Sun ce ƙane ana iya sayensa, mata ma haka. Uwa suke so."

Washegari da hantsi muka kai Inna gonar Yaya. An fara cire albasa, ga ta nan an baza ana shanya, ƙamshinta har bakin titi. Rabi tana nan, mai unguwa yana nan, Jakada ma ya tsaya a kan kunyar gona da takalmansa masu sheƙi. Na ɗaga waya. Inna ta jawo mayafi har kan hanci, ta juya fuska wajen kanal, ta yi magana.

"Yaron nan na gidan nan ne. Yayan Tukur ne. Ba soja ba ne, ga albasarsa nan. Ku ji tsoron Allah ku sako shi, yana da ƙananan yara."

Ba wanda bai share ido ba a wurin. Jakada ya cire tabarau ya ce wallahi kamar uwarsa yake gani, shi ma ɗan fari ne. Nan ne muka yi kuskuren, mu duka, kuma da zuciya ɗaya muka yi shi. A wurinmu, matar da ta kasa ɗaga ido ta kasa kiran suna, ba a bukatar wata shaida, ita ce uwa. Da wata ta zo ta washe baki tana rangaɗa sunansa, da mun ce wannan kam maƙwabciya ce. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa masu kallon ba a Kura aka haife su ba. Har yau in na tuna yadda muka dawo gida muna hamdala, Rabi har da dafa taliya ta raba wa maƙwabta, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Amsa ta ɗauki lokacinta, ta shiga daji ta fito, ranar miƙa mulki kuma tana ta matsowa. Ina gyaran bututun ban ruwa Jakada ya kira.

"Sun karɓi na kowa ban da naku. Sauran ko ubanninsu ne suka yi magana, ko ba 'ya'yan fari ba ne. Naku sun ce hayar matar aka yi. Wai ta ɓoye fuska, ba ta san sunansa ba, ba ta ce ita ta haife shi ba. Yanzu ma shi suka fi zargi. Laifina ne, ni ya kamata in hango. A sake ɗauka, ta buɗe fuska ta kira shi da sunansa, kuma a yi sauri, don dattawan tafiya ɗaya ta rage musu."

Gidanmu bai taɓa ganin kwanaki irin waɗannan ba. Rabi ta durƙusa wa Inna tana kuka, Inna ta ci gaba da kaɗa miya. Liman ya zo ya yi bayani cewa babu laifi a addini uwa ta kira ɗanta, ta ce ta gode, Allah ya ƙara wa malam sani. Matan unguwa suka yi ta sintiri, kowacce da nata wa'azin, har waɗanda su ma ba sa kiran nasu. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa raina ya ɓaci, don gani nake abu ne na buɗe baki kawai. Wata la'asar na same ta ita kaɗai a gindin rumbun albasa, na zauna kusa da ita. Ita ta fara.

"Tukur, kai ma kana tsammani kunya ce kawai?"

"To mene ne, Inna?"

"Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba sai ranar da aka shimfiɗe shi za a wanke. Ina tsaye na ji ta. A gidanmu ranar nan ake kiran ɗan fari. In na buɗe baki na kira wancan yana hannun masu bindiga, me na kira masa?"

"Haba Inna, Allah ke kashewa, ba suna ba."

"Na sani. Kaina ya sani. Harshen ne bai sani ba."

Ku riƙe wannan, don shi ne abin da gari bai taɓa ji ba. Mu muna ganin shirunta zai kashe shi, ita tana ganin kiranta ne zai kashe shi. Ta yi ta ƙoƙari, na shaida. Na sha hango ta a gonar tana tafe tsakanin fangali, leɓɓanta suna motsi, ta tsaya, ta girgiza kai, ta sake. A cikin kwanakin ne haƙurin Rabi ya ƙare, ta tsaya a tsakar gida ta ce in Ilyasu ya mutu Inna ce ta kashe shi. Ke Hafsatu kina riƙe da zanenta lokacin, ina jin a nan kika fara haddace karatun. Ban riƙe mahaifiyarku da wannan ba, kada ku ma ku riƙe ta. Mace ce da mijinta ke bakin bindiga, ga yara, ga suruka da ta yi gum.

Ranar rantsar da sabon shugaba, an kwana da ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi. Rana ta ɗan ɗaga Inna ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ɗauko wayar. Kai kaɗai."

Muka bi ta bayan gari. Kowane shago rediyo ne ke tashi, ana ta kiɗan sojoji daga filin rantsuwa, 'yan adaidaita sahu sun ɗaura tutoci suna ta hon. Muka isa bakin kanal ɗin da ke shayar da gonar Yaya. Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskar Inna tsirara haka a waje ba, sai na ga ashe ta tsufa ƙwarai. Ta dubi wayar ido cikin ido.

"Ni na haifi Ilyasu. Ɗana ne na fari, a ɗakin can na haife shi da damina. Manomi ne ɗan manomi. Ku ba ni ɗana."

Na ɗauka ta gama, har zan sauke hannu. Sai ta matso kusa, ta sassauta murya, kamar mai leƙa ɗaki.

"Ilyasu. Ilyasu, kana ji na?"

Daga nan ta zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen yashi, ta mayar da mayafinta. Na koma gefe na kira Jakada. Da ƙyar nake jin sa saboda hayaniyar da ke bayansa.

"Allah sarki, Malam Tukur. An fito da su jiya, sun tsallake iyaka, dattawan sun koma gida. Ni ma ina filin rantsuwar ne, motar ofis tun safe aka karɓe. Turo mini duk da haka, zan miƙa wa duk wanda aka naɗa."

Na san ya miƙa, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Da na dawo wurinta, ta karanta a fuskata.

"Bai kai ba?"

"Bai kai ba, Inna."

"To kada kowa ya ji. Ko Rabi. Na kira shi a banza, kada a ƙara mini da bakin mutane."

"Ai zaginki za a ci gaba da yi."

"Su zaga."

Ɗaurin baki na farko ke nan. Sauran ma'aikatan suka dawo, aka yi ta shagali daga Kura har Madobi, ƙofar gidanmu kaɗai ce shiru. Sababbin masu mulki suka ce za su duba batun tun daga tushe. Suka sallami dattawan da suka san hanyar dajin, wai mutanen waccan gwamnati ne, suka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Na yi ta zarya, kowane zuwa sabuwar fuska, kowace fuska sai na sake ba ta labari daga farko, ta ce in yi haƙuri ana kan aiki. Mutum ɗaya ne ya rage a hannu, manomin albasa daga Kura, ba wanda zai rasa kujerarsa saboda shi.

Inna ta karɓi gonar Yaya da kanta. Tsohuwa tana dashen albasa, mata suna wucewa suna gaishe ta a daƙile, ba ta taɓa ɗaga kai ta kare kanta ba. Daga dajin kuwa ba labari, ko na rai ko na mutuwa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: shirun nan ya tabbatar mata da tsoronta. Gani take kiran da ta yi a bakin kanal shi ya tafi da shi. Na yi rantsuwa na yi lallashi, sai ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Da rani ya zagayo ta kwanta, ba ta tashi ba. Maganarta ta ƙarshe da ni tambaya ce.

"Tukur, wancan fa? An ji wani abu?"

Na ce ana kan aiki. Maganar 'yan ofis ce ta fito daga bakina, don ba ni da wata.

Daga baya gwamnatin da ta rantse ba za ta zauna da 'yan tawaye ba ta aika aka nemo dattawan nan dai, ta ba da abin da aka yi alkawari tun farko har da ƙari, ta kira shi nasararta. Aka dawo da babanku da jiniya da masu ɗaukar hoto. Kun tuna yadda ya dawo, rigar da aka ba shi tana yawo a jikinsa, haƙoran gaba babu. Tun a hanya aka gaya masa rasuwar Inna. Da 'yan barka suka yi sauƙi, wata yamma ya ce in raka shi gona. Muka zauna a bakin kanal, daidai inda ta zauna, shi bai sani ba.

"Sun nuna mini hoton nan, ka sani," in ji shi. "Suka ce wannan ce uwarka? Na ce ita ce. Suka ce ƙarya nake, uwa ba ta ɓoye fuska. Tukur, ni ina ganin ta juya kai wajen ruwa ta ce yayan Tukur, na san Inna ce. Da ta kira sunana ma, da na ce wata kuka ɗauko. Hoton nan shi ya riƙe mini zuciya a dajin."

Bai taɓa jin haushinta ba, ko na rana ɗaya. Na daɗe ina juya wayar a aljihu. Inna ta ce kada kowa ya ji, amma na ga shi ba kowa ba ne, shi aka kira. Na kunna na miƙa masa. Ya riƙe da hannu biyu. Da ya ga fuskarta a buɗe sai ya sunkuyar da kai, shi ma kunyar ta kama shi, mutum mai furfura. Ya saurara har ta matso ta sassauta murya ta ce, Ilyasu, kana ji na? Sai na ga ya gyara zama, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yadda yake yi a ƙofar ɗakinta.

"Na'am, Inna."

Ruwa yana ta wucewa a kanal. Can ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba.

"Goge shi. Kada a ga Inna haka."

Na goge a gabansa. Ɗaurin baki na biyu ke nan, shi ya sa yau ba ni da abin da zan nuna muku sai maganata. Ina da-na-sanin abubuwa da yawa a shekarar nan: da mun hango tun ɗaukar farko, da wa'adin Jakada ya ƙara ko yini ɗaya, da Inna ta ƙara ko damina ɗaya. Ba ko ɗaya da zan iya gyarawa. Wannan kaɗai nake iya gyarawa, don haka Hafsatu, ki kira ɗanki ko kada ki kira, wannan ruwanki ne, amma kada ki sake cewa kakarki ta bar babanki. Ta kira shi, ya kuma amsa, ni kaɗai ne na ji su duka biyun.